Wa Ya Mallaki Wani, Saurayin Ko Jitar?

Muna so mu kawo muku wata magana wadda ta tashi a tsakaninmu a Unguwar Kanawa, cikin Kaduna ta arewa, har ta hana dattawanmu barci kwana da kwanaki. Mun ga ya kamata mu rubuta ta, gama mun tabbata irinta za ta zo wa waɗansu ekklesiyoyi, in ma ba ta riga ta zo ba.

Akwai wani saurayi a cikinmu, mai bi ne na kirki, sana'arsa kuwa ja wa gidaje wayar lantarki. Shi ne ya ke kaɗa mana jita a sujada tun yana yaro. Shekara uku cur yana tara kuɗi. Uwarsa tana tsammani na aure ne, abokansa suna cewa babur zai saya. Ashe jita ya ke nufi, ba kuwa irin ta kanti ba. Ya aika wa wani gwanin masassaƙi a Ikko da awon tafin hannunsa da tsawon yatsunsa, ya zaɓi itacen da ya ke so, ya faɗi launin da za a shafa. Ya jira wata takwas. Da ta iso, sai ga sunansa an zana a bayan wuyanta. Babu irinta ko'ina, ita kaɗai ce. Kuɗinta kuwa ya isa sayen sabon babur har da saura.

Ran Lahadi ya kawo ta sujada, ya kaɗa, kowa ya ji daɗi. Amma da aka tashi sai dattawa suka rabu biyu. Wani ya ce masa, "Ɗana, kana ganin rufin ɗakin nan yana yoyo a kan iyayenka mata, ka ɗauki gumin shekara uku ka zuba cikin katako?" Wani dattijo kuwa ya ce, "Malam, bar yaro. Bai yi sata ba, bai kai kuɗin gidan giya ba. Ga shi gidan Ubangiji ya kawo ta." Suka juyo gare mu domin mu raba gardama.

Ga tambayar ke nan. Ko daidai ne mai bi ya mallaki abu mai kyau, mai tsada, wanda ba ci ba ne, ba sha ba, ba sutura ba, alhali kuwa akwai masu bukata kewaye da shi?

Mene Ne Wannan Abu?

Kafin a yanke wa abu hukunci ya kamata a san shi. Jita mai lantarki ba ta daɗe a duniya ba. A shekara ta 1932 aka fara sayar da ita a birnin Los Angeles na Amurka. A 1950 wani mai gyaran rediyo, sunansa Leo Fender, ya fito da wadda jikinta katako ne zalla, ba rami a ciki. Shi kansa bai iya kaɗa jita ba. Dabararsa ita ce a ƙera sassan dabam dabam a ma'aikata, a ɗaure wuyan a jikin da kusoshi masu murɗi, domin ta yi sauƙin yi da sauƙin gyara. Kamfanin Gibson ya fito da tasa mai suna Les Paul a 1952, Fender kuma ya ƙara wata mai suna Stratocaster a 1954. Da na ma'aikata suka cika duniya, sai waɗansu makaɗa suka koma neman wadda mutum ɗaya ya yi da hannunsa, kamar yadda mai son babbar riga ya kan bar aikin keke ya nemi aikin hannu na maɗinkan Zazzau.

Itacen ma ba baƙo ba ne a gare mu. Da yawa daga cikin gwanayen nan suna son wani ɗan'uwan maɗaci, wanda ya ke fitowa a kurmin Afirka ta Yamma, domin jikin jitar. Inda yatsu su ke takawa kuwa a kan shimfiɗa baƙin itace mai ƙarfi, ɗan'uwan kanya, da yawansa daga Kamaru ya ke fitowa.

Ga yadda ta ke aiki. Tana da tsarkiya shida na ƙarfe. A ƙarƙashinsu akwai maganaɗisu wanda aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, zagaye dubbai. In an taɓa tsarkiya ta yi rawa, sai wuta 'yar kaɗan ta tashi cikin wayar nan, ta bi igiya zuwa akwatin ƙara murya, shi kuwa ya mai da ita sauti. In an zare igiyar, mutumin da ke bakin ƙofa ma da ƙyar ya ji ta. In an haɗa ta, aka murɗa, sai ta rufe muryar mutum ɗari. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Masu Cewa Ɓarna Ce

Dattijon da ya tsauta wa saurayin yana da hujja, kada mu rena ta. Rufin yana yoyo da gaske. Akwai gwauraye mata a cikinmu da yaran da aka koro daga makaranta saboda kuɗi. Annabi Amos, cikin sura ta 6, ya la'anci masu hutawa a kan gadajen hauren giwa suna ƙago wa kansu kayan kiɗa, ba su kuwa damu da lalacewar jama'arsu ba. Ashe, ana iya yin kiɗa mai daɗi a kan zuciya mai tauri.

Banda haka, ba tsadar kayan kiɗa ke sa waƙa ta shiga zuciya ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi suna, ɗan gwangwani ne da aka rufe da fata, tsarkiyarsa ɗaya tak. Da shi ya yi wa masu ƙananan sana'a waƙa, da shi ya je ƙasashen waje. A Nijar akwai wani Ba'abzine, Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta fari da katako da wayar birkin keke, daga baya ya yi kiɗa a Turai da Amurka. Zumuntar Mata ta ekklesiyoyinmu kuwa da tulu da ganga da kacau-kacau su ke girgiza taro. Wanda ya ce lalle sai da jita mai tsada za a yabi Allah, bai faɗi gaskiya ba.

Masu Cewa Ba Laifi

Ɗaya dattijon ma yana da hujja. Allahn da ya yi wa dawisu ado ba maƙiyin kyau ba ne. Cikin Fitowa sura 31 mun karanta yadda ya kira Bezalel da suna, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da sassaƙar itace. A cikin jeji su ke a sa'an nan, babu gona babu gida, duk da haka Allah bai ce a yi alfarwar sujada da aikin ganin dama ba. Hannun gwanin nan na Ikko kyauta ce daga Allah, kuɗin da aka biya shi kuwa abincin iyalinsa ne. Dawuda kuma ya ƙi karɓar masussukar Arauna kyauta, domin ba ya so ya miƙa wa Allah abin da bai ji zafin fitarsa ba.

Sai kuma macen nan ta Baitanya wadda ta zuba wa Ubangiji Yesu mai mai ƙanshi. An kimanta shi dinari 300, wato kusan ladan ɗan ƙodago na shekara guda. Waɗanda ke wurin suka yi gunaguni, suka ce ai da an sayar an ba matalauta. Ubangiji ya kāre ta. Ba mu ce dattijonmu Yahuza ne ba, Allah ya kiyaye, gama mun san shi, da tausayi ya yi magana. Abin da mu ke cewa shi ne, ba kowane abu mai tsada ne ɓarna ba.

Game da mallaka, ku tuna da Hananiya cikin Ayyukan Manzanni sura 5. Bitrus ya nuna masa a fili cewa gonar tasa ce kafin ya sayar, kuɗin ma a hannunsa su ke bayan ya sayar. Ƙarya ce ta kashe shi. Ekklesiya ba ta da iko ta ƙwace gumin mutum, ko ta faɗa masa abin da zai saya.

Mu kuma binciki kanmu. Da saurayin nan babur ya saya, da mun taru mun yi masa addu'a a kai. Da akwatunan lefe ya cika, da mun ce ya yi hankali. Don me jita kaɗai ta tada mana hankali? Mu Hausawa mun gāji rena makaɗa. Muna jin daɗin kiɗansu, muna yi musu kari, amma ba mu so ɗanmu ya zama ɗayansu. Waɗansu daga cikin Turawan mishan na fari kuma sun hana ganga a sujada, suna ganin ta ta arna ce. Mai yiwuwa ne wani abin da mu ke kira himma, tsohon reni ne ya sa rigar ibada. A ƙasar da aka ƙago jitar nan ma an yi irin wannan gardama. Wata mawaƙiyar bishara, Rosetta Tharpe, wadda aka haifa a 1915 ta rasu a 1973, a ekklesiya ta tashi, tana cikin na farkon da suka yi suna da jita mai lantarki, masu bi da yawa kuwa suka yi ta zarginta don tana kai waƙoƙin ibada gidajen rawa.

Inda Maganar Ta Ke

Da muka auna hujjojin nan biyu, sai muka ga dukansu a kan kuɗi suka tsaya, ainihin maganar kuwa ba a nan ta ke ba. Macen Baitanya ta fasa tulun, ta zuba man duka, ƙanshi ya cika gida, ta koma hannu wofi. Masu gadajen hauren giwa kuwa kansu su ke yi wa kiɗa. Dukansu sun kashe dukiya mai yawa, amma ita bayarwa ta yi, su kuwa riƙewa.

Manzo Bulus ya gaya wa Korantiyawa, ko da ya ke yana da 'yanci cikin abubuwa, ba zai yarda wani abu ya mai da shi bawa ba. To, ta ƙaƙa mutum zai sani ko shi ne ya mallaki abu, ko abin ne ya mallake shi? Rasiɗi ba ya nuna wannan, sunan da aka zana a wuya ma ba ya nunawa. Mai abu na gaskiya shi ne wanda ya iya rage shi, ya iya ba da aronsa, ya iya ajiye shi. Wanda ya kāsa ukun nan, mai tsaro ne kawai, abin yana juya shi yadda ya ga dama. Ba mu muka shirya wa saurayinmu gwaji ba, amma cikin wata biyu duka ukun suka same shi.

Gwaji Uku

Na fari ya zo ta wurin maƙwabci. Masu karatu sun san abin da ya sami Kaduna cikin Fabrairu da Mayu na 2000, da kuma Nuwamba na 2002. Bayan wannan, masu bi da yawa suka ƙetare kogi zuwa kudu, su Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, Musulmi da yawa kuma suka dawo arewa. Mu da muka ragu a wannan gefe kaɗan ne, katangarmu tana jingine da ta maƙwabta. Zaman lafiyarmu da ƙananan abubuwa a ke riƙe da shi, gaisuwar safe, da zuwa jana'iza, da tuwon salla da shinkafar Kirsimeti.

Mawaƙanmu su kan yi koyon waƙa ran Asabar da yamma. Tun da sabuwar jita ta zo, sai koyon ya riƙa kaiwa magariba, muryar kuma ta ƙaru. Wata rana wani tsohon tela da ke bayanmu ya yi sallama. Dattawanmu sun shaida cewa a lokacin tashin hankali ya ɓoye iyali biyu na masu bi a ɗakinsa. Ya ce, "Fasto, ba faɗa ya kawo ni ba. Amma in mun tsaya salla ba mu jin liman. Ni na san ku. Yaran da ke tasowa ba su san ku ba." Muka gode masa, muka raka shi har bakin hanya.

Da muka kira saurayin, ya ce, "Baba, irin wannan jita ba a jin kyanta sai an buɗe mata murya." A nan muka gane jitar ta fara ba da umurni. Muka ce masa, "Ɗana, mutumin nan ya sa ransa a haɗari domin 'yan'uwanka. Kai ba za ka iya murɗa ɗan abin nan baya saboda shi ba?" Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Yabon da ya hana maƙwabci sakewa a gidansa, ya kuma ɓata sunan Kristi a unguwa, Allah ba ya jin daɗinsa, kome zaƙinsa. A cikin sujada ma haka ne. Wata tsohuwa ta ce mana, "Fasto, ni na daina waƙa, gama ko muryata ba na ji." Aikin makaɗi a ekklesiya shi ne ya tallafi muryar jama'a. In jama'a sun yi shiru suna kallonsa, sujada ta zama wasa. Ganga in ta cika zaƙi, fashewa za ta yi.

Gwaji na biyu ya zo ta wurin wani yaro maraya mai sha'awar kiɗa. Ya miƙa hannu ya shafa tsarkiyar, saurayin ya daka masa tsawa har yaron ya yi kuka. Gaskiya ne abu mai tsada yana bukatar kulawa, ba mu ce a bar wa yara su yi wasa da shi ba. Amma shi kansa da jitar wa ya koya? Da ta ekklesiya, wadda wani ya saya da baikonsa, wani kuma ya haƙura da shi sa'ad da ya ke tsinka tsarkiya. Yatsun da aka auna ba shi ya yi su ba. Kunnen da ke rarrabe sauti ba shi ya saya ba. Itacen kuwa ya yi shekaru yana girma a kurmi tun ba a haife shi ba. Abin da mu ke kira namu duka amana ce, za a kuwa tambaye mu yadda muka riƙe ta.

Gwaji na uku Allah ne ya kawo shi ta hanyar da kowa ya saba da ita. Ran wata Lahadi muna tsakiyar waƙa aka ɗauke wuta, janareto kuwa ba mai. Jitar ta yi shiru ɗif. Mata suka ɗauki tulunsu, jama'a suka ci gaba, waƙar ma ta fi ta dā ƙarfi. Muka duba saurayin, ga shi tsaye da katako a wuya, bakinsa a rufe. Ya manta cewa shi ma yana da murya. Daga baya shi da kansa ya zo ya ce, "Baba, yau na ji kunya. Ashe in babu ita ban san yadda zan yi sujada ba."

Abin Da Muka Yanke

Ba mu ce ya sayar da ita ba, ba mu kuwa da wannan iko. Muka gaya wa dattawa, sayen jitar ba zunubi ba ne. Muka gaya wa saurayin, riƙonta yana iya zama zunubi kowace rana, sai ya yi tsaro. An mai da koyon waƙa ƙarfe huɗu, ana tashi kafin magariba. Shi da kansa ya je ya ba tsohon telan haƙuri. An rage murya har tsohuwar nan ta koma waƙa. Lahadi ɗaya cikin kowane wata ya kan bar jitar a gida, ya zauna cikin jama'a ya raira da bakinsa. Yana koya wa marayan nan da tsohuwar jitar ekklesiya. Sabuwar dai har yanzu hannunsa ya kan yi rawa in wani ya ɗauka. Ba mu ce ya gama cin gwaji ba, gama irin wannan yaƙi ba a gama shi rana ɗaya.

Rufin fa? Da aka kira baiko dominsa, sai ya bayyana ba saurayin kaɗai ke da abin da ya ke ɓoye wa Ubangiji ba. Shekara biyu muna kauce wa yoyon nan, kowa yana jira wani ya fara. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, mu kuwa duka masu ɗakin ne. Ya fi sauƙi a ga ɓarna a hannun yaro da a gan ta a aljihun dattijo.

Kai Fa, Mai Karatu?

Wataƙila ba ka taɓa riƙe jita ba, amma kana da taka. Ta wani mota ce, ta wani gona, ta wata zinariyar kunne, ta wani kujerar dattijo a ekklesiya. Mu masu wa'azi ma muna da tamu, wato bagadi da takardar shaidar makaranta. In Allah ya ba ka abu mai kyau, karɓa da godiya, kada ka ji kunyarsa. Amma yi wa kanka tambayoyin nan uku. Zan iya rage shi saboda maƙwabcina? Zan iya sa shi a hannun wanda ba shi da kome? In an ɗauke shi gobe, zan iya yabon Allah kamar yau? In amsar ɗaya daga ciki a'a ce, kada ka yi jinkiri, kai maganar gaban Ubangiji tun yau.

Ubangijinmu Yesu Kristi, wanda kome da kome nasa ne, ya ajiye ɗaukakarsa ya ɗauki siffar bawa dominmu. Bari shi ya koya mana yadda za mu riƙe abin duniya da sakakken hannu, domin sunansa ya sami yabo a cikin majami'a da bayan katanga kuma. Amin.